Mudu Ɗaya

Tasalla ta zo daga Daura
da takarda ƙulle a bakin zane.
An rubuta: hamsin da takwas.
Na kwantar da ita ta gefen hagu,
na shafa mai sanyi tsakanin haƙarƙari,
na rage fitila.
Zuciyarta ta fito a allo
kamar tarwaɗa a ruwan tabki,
tana buɗe baki, tana rufewa.
Na tsayar da hoto, na ja layi bango zuwa bango.
Hamsin da ɗaya.

Milimita bakwai.
Ko ƙwayar wake ta fi shi tsawo.
Amma a cikinsa akwai maganin wata shida,
akwai kuɗin mota zuwa Kano,
akwai akuyar da ɗanta ya riga ya ja
zuwa kasuwar Mai'aduwa.

Ta ce, "Likita, a mota ta motse ne?"
Na yi dariya. Dariyar ba ta wuce haƙori ba.

Ubana ma'auni ne a 'Yar Kutungu.
Na san mudun da aka bubbuge wa gindi,
na san hannun da ke tara tozo in zai saya,
ya shafe in zai sayar.
Shi yakan ce, hatsi ba ya ƙarya, sai dai kwano.
Ni da Zayyana na Daura ba mu cuci kowa ba.
Shi malaminsa daban, ni nawa daban.
Shi yana jan layi a karkace,
ni ina tsayar da hoto tun ɗaki bai gama cika ba.
Mai dogon hannu da mai gajere,
kowa da kamunsa,
alhali zane ɗaya ake yanka.

Ran Asabar aka tara mu bita,
mu goma sha huɗu, a ɗaki mai fanka ɗaya
can wajen Ƙofar Ƙaura.
Mai riƙe da alli Rumasa'u ce,
wadda na koya wa kama na'ura
hannunta yana rawa.
Ta haska zuciya guda a bango,
ta ce kowa ya auna, ya rubuta, ya ninke.
Da aka warware takardu,
lamba tara aka samu.
Babu wanda ya yi tari.
Janareta kaɗai ke magana a waje.

Ta ce, "Ku jira marfi ya rufe.
Daga leɓen ciki zuwa leɓen ciki,
layi a tsaye, kada ya jingina.
Sau uku. Ku rubuta tsawon mutum da nauyinsa,
don zuciyar ɗan dambe
ba ta shiga rigar tsohuwa."

Ta zo ta bayana, ta ɗan murɗa wuyan hannuna,
kaɗan, kamar mai gyara wa yaro riƙon cokali.
Shekara ashirin da shida ina kallon ƙirji.
An ce gemu ba ya hana ilimi,
ba a dai faɗi yadda yake ƙaiƙayi ba
ranar da aka zaunar da shi a benci.

Bayan mako uku Tasalla ta dawo.
Na jira marfi. Na ja layi. Na sake. Na sake.
Hamsin da huɗu.
Na kira Zayyana, na ce ya buɗe tsohon hotonsa.
Na ji numfashinsa a waya, na ji kuka na jariri a ɗakinsa.
Ya ce, "Da huɗu. Ko da biyar."
Na ce, "Auna kuma."
Ya ce, "Da huɗu."

Na gaya mata: ta ɗan buɗe, ba ta kai ta Kano ba.
Ta ɗaura kallabi, ta ce, "Alhamdu lillahi.
Akuya dai ta tafi."

Bita ta gaba bayan ƙaramar salla ce.
Na rubuta ranar a bangon ofis,
ƙasa da ƙusar da na rataye mudun Baba,
wanda duk shekara yake kai wa maƙeri
ya duba ko ya lotsa.